Maido da Chevelle SS 454 ta 1970 Yadda Ta Fito Daga Masana'anta

Tsakanin 1964 da 1972 kamfanonin motoci na Detroit a Amurka sun ƙera wani jinsin mota da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji. Mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata babban inji mai silinda takwas irin na manyan motoci, a sayar wa matasa a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe fagen, sannan Chevrolet da Dodge da Plymouth da Ford da Buick da Oldsmobile suka biyo sahu. Zamanin bai daɗe ba. Tsadar inshora, da dokar tsaftar iska ta 1970, da rage matsin inji da General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, ta yi a 1971, da ƙarancin man fetur na 1973, su ne suka haɗu suka rufe shi.

A ƙololuwar wannan zamani aka ƙera Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970. Injinta ya kai lita 7.4, wato inci 454 na kubik, kuma iri biyu ne: LS5 mai ƙarfin doki 360, da LS6 mai ƙarfin doki 450, wanda guda 4,475 kawai aka ƙera motoci da shi a shekarar. Da ita za a kafa misali a nan, ko da yake hanyar aikin ɗaya ce ga sauran 'yan uwanta.

Maido da mota asalinta daban yake da gyara. Mai gyara burinsa mota ta tashi ta yi kyau. Mai maidowa kuwa burinsa ta koma kamar ranar da ta sauko daga layin haɗawa, da launinta, da kusoshinta, da lambobinta, har da 'yan kurakuran da ma'aikatan masana'anta suka bari a jikinta. Duk abin da ya fi na masana'anta kyau, a wannan sana'a kuskure ne.

Tantance asali

Ba a ɗaukar sifana sai an san mece ce motar. A Chevelle ta 1970 wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, domin lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce. Lambar mai gurbi 13 tana liƙe a kan dashbod, ana hangenta ta gilashin gaba. Idan ta fara da 13637, Chevelle ce samfurin Malibu mai silinda takwas da rufin ƙarfe. 13667 kuma mai buɗaɗɗen rufi ce. Sifilin da ke biye shi ne shekarar 1970, harafin bayansa kuma masana'antar da ta haɗa ta, misali A Atlanta, B Baltimore, K Kansas City, L Van Nuys, R Arlington. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. SS ƙari ce da mai saye ke zaɓa, Z15 ga mai inji 454, Z25 ga mai 396. Shi ya sa jabu suka yi yawa: a samo Malibu, a liƙa mata tambari, a ɗora bonet mai tudu, a kira ta SS.

Shaida mafi ƙarfi ita ce takardar haɗawa, wadda ke bin mota a kan layi ɗauke da lambar kowane ƙari da aka sa mata. Ma'aikata kan cusa ta duk inda hannu ya kai: saman tankin mai, cikin sifirin ɗin kujerar baya, ƙarƙashin kafet, ko bayan marfin ƙofa. Ba kowace mota ke da ita ba, kuma wadda aka samu takan yi laushi kamar busasshen ganye, don haka sai an ɗauki hotonta a inda take kafin a taɓa ta. Bayanta akwai ƙaramin farantin garanti na Protect-O-Plate da dillali ke ba mai saye na farko, da takardar farashi, da rasit. Motocin da aka haɗa ko aka sayar a Kanada sun yi sa'a, domin reshen General Motors na can ya adana bayanansu. Masu Pontiac suna samun kwafin takardun masana'anta daga Pontiac Historic Services, masu Ford kuma daga 1967 zuwa sama suna neman rahoton Marti.

Daga takarda sai ƙarfe. A jikin bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja akwai farantin Fisher Body mai nuna launin fenti, da launin kujeru, da makon da aka haɗa bodi. Lamba 75 ja ce ta Cranberry, 28 shuɗin Fathom, 19 baƙin Tuxedo, 14 ruwan azurfa na Cortez. Idan an ga 03B, mako na biyu ne na watan Maris. A gaban injin kuma, ta ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan dandamali da aka buga wa lambobi. T na nufin masana'antar injuna ta Tonawanda a jihar New York, sai wata da rana, sai haruffa uku: CRV ga LS6 mai giyar hannu, CRR ga mai giya mai sarrafa kanta. Wani yanki na lambar shasi ma ana buga shi a jikin injin da giyabos. Idan waɗannan sun dace da juna, an ce motar mai lambobi ɗaya ce, kuma a gwanjo bambancin kuɗinta da wadda aka canja wa inji babba ne ƙwarai.

Kwanan wata shi ne ke tona asirin jabu. Kusan kowane babban sashe yana ɗauke da ranar da aka zuba shi ko aka haɗa shi: bulok, kawunan silinda, kafireto, distiributa, altaneta, har gilasai. Dole kowanne ya riga ranar haɗa motar, galibi da 'yan makonni zuwa 'yan watanni. Bulok ɗin da aka zuba a watan Yuni ba zai zama na motar da aka haɗa a Maris ba, ko da lambar zubinsa 3963512 ce daidai.

A nan ne kuma ake yanke hukuncin da ya fi wuya. Motar da har yanzu ke ɗauke da yawancin fentinta da kujerunta na asali, bai kamata a kwance ta ba. Wanki da adanawa suka dace da ita, domin irinta ce madubin da sauran masu maidowa ke dubawa, kuma fentin masana'anta idan an kankare shi ya tafi ke nan.

Kwancewa

Kwance mota aikin 'yan kwanaki ne, amma wanda ya yi gaggawa a nan zai biya da watanni a gaba. Ana ɗaukar hoton kowane sashe kafin a cire shi da bayan an cire. Kusoshi da notuna na kowane wuri suna shiga leda ɗaya da rubutu a jikinta. Ba a zubar da komai, ko robar da ta ruɓe, sai an kwatanta ta da sabuwa an tabbatar sun yi daidai.

Shasi da akwatin tayoyin baya da sandar juya su ana wanke su ne a hankali, da sabulu da buroshi mai laushi. Ƙarƙashin dattin shekara hamsin akwai alamomin masu duba aiki: ɗigon fenti rawaya ko kore, rubutun alli, takardun da aka naɗa a jikin sifirin. Ana auna su, a zana wurinsu, a ɗauki hoto. Wannan motar kaɗai ce za ta iya faɗin alamomin da take da su, domin masana'antar Baltimore da ta Van Nuys ba su yi aiki iri ɗaya ba. Kwafo alamar wata mota daga mujalla ƙirƙira ce.

Chevelle tana da cikakken shasi da bodi ke zaune a kai, saɓanin Dodge Charger ko Ford Mustang da bodinsu shi ne shasinsu. Kafin a ɗaga bodin, ana walda sandunan ƙarfe a ƙetaren ƙofofi don kada ya lanƙwashe, musamman mai buɗaɗɗen rufi. Ana ƙirga 'yan farantan cike giɓi da ke ƙarƙashin kowane maɗauri a rubuta. Sifirin ɗin gaba yana danne da ƙarfin da zai iya kashe mutum, ba a sakinsa sai da na'urar matse shi. Tsoffin takalman birki da farantin kuloci suna iya ƙunsar asbestos, don haka ba a hure ƙurarsu da iska.

Bodi da tsatsa

Tsatsa ce ke cinye mafi yawan kuɗi da lokaci. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya ta fi daraja tun kafin a taɓa ta. A Chevelle wuraren da suka fi ruɓewa su ne ƙasan kwanon gefen baya, da daɓen but, da daɓen ƙafafu, da ƙasan fendojin gaba, da kwarin da gilashin baya ke zama, musamman idan rufin yana da shimfiɗar leda da ke riƙe ruwa. Maganaɗisu yana nuna inda wani ya taɓa cike rami da bodi-fila, amma gaskiyar jiki ba ta bayyana sai an tuɓe fenti kaf.

Ana ɗora bodin a kan wani majuyi mai kama da na gashin nama, don a kai ga cikinsa ta kowace fuska. Fesa yashi da ƙarfi yana zafafa faffaɗan kwano ya murɗa shi, don haka rufi da bonet da ƙofofi ana tuɓe su da garin roba, ko ɓawon gyaɗar turawa, ko magani. Wasu kan tsoma bodin gaba ɗaya a cikin sinadari, sai dai idan ba a ɗauraye shi sosai ba yakan tsattsafo daga gaɓoɓi bayan shekaru ya ɓata fenti. Da zarar ƙarfe ya fito tsirara, ranar ake fesa masa firamar efoksi.

Ƙa'idar aikin kwano ita ce a ceci na asali gwargwadon iko. Kamfanoni irin su Auto Metal Direct suna buga sababbin sassan bodi, kuma sun ceci motoci da yawa, amma da wuya sabon kwano ya zauna ba tare da gyara ba. Gwanin walda yakan yanke ruɓaɓɓen wuri kaɗai, ya haɗa sabon yanki baki da baki, yana ɗiga walda nan da can don kada zafi ya taru, har sai ba a gane mahaɗin ta ciki ko ta waje. Inda masana'anta ta yi waldar ɗigo, ana maimaita ta da tazara iri ɗaya. Mahaɗin rufi da gefen baya da dalma aka cike shi tun asali, kuma masu tsanani da dalmar suke mayarwa.

Farantin lambar shasi ba abin wasa ba ne. Sauya lambar mota ko ɗauke ta zuwa wani bodi laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma jihohi suna da nasu ƙa'idoji kan cire shi yayin aiki. Kusoshin da ke riƙe shi masu kan fure ne, masana suna duba su da kyau.

Fenti

General Motors ta yi amfani da fentin lacquer na akirilik a lokacin, Chrysler da Ford kuma enamel. Dokokin muhalli sun sa lacquer ya yi wuyar samu a wurare da yawa, don haka akasarin masu aiki suna amfani da fentin yuretan na zamani da aka haɗa daidai da lambar launin. Wannan fenti yana da guba mai illa ga huhu, ba a fesa shi sai da cikakken abin rufe fuska mai jawo iska daga waje.

A nan ne hannu ya fi son wuce gona da iri. Fentin masana'anta ba madubi ba ne, yana da ɗan gurzan ɓawon lemo. Cikin motar ta ƙasa firama ce da ɓurɓushin launin bodi da ya faɗo ta gefuna. Shasi baƙi ne mai matsakaicin ƙyalli. Cikin but fenti ne mai ɗige-ɗige. Motar da aka goge cikinta har yana ɗaukar ido ta yi kyau, amma ba Chevelle ta 1970 ba ce, kuma alƙalan gasa suna rage mata maki. Kafin fenti ana rataya ƙofofi da fendoji da bonet a daidaita giɓinsu, domin bayan fenti babu sauran damar duka ko lanƙwasa.

Inji da abin da ke juya taya

Ana wanke bulok, a gwada shi da hodar maganaɗisu don gano tsagewar da ido ba ya gani, sannan a auna silinda. Idan sun cinye, ana faɗaɗa su kaɗan, galibi da inci 0.030, a sa fistin da ya dace. Akwai haɗari guda da ya kamata a rubuta wa mai injin sassaƙa ɓaro-ɓaro: idan ya aske saman bulok don ya miƙe, zai share lambobin da ke kan dandamalin nan, har da zanen layukan da injin masana'anta ya bari. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin waɗannan 'yan haruffa su ne shaidar injin. Ana iya askewa a tsallake dandamalin.

LS6 yana da matsi 11.25 bisa 1, an ƙera shi ne don fetur mai dalma da ƙarfin oktan sosai, wanda aka haramta sayarwa ga motocin titi a Amurka tun 1996. Mafita uku ce: a gauraya man tsere, ko a ja lokacin tartsatsi baya, ko a sa fistin mai rage matsi tunda ba a ganinsa daga waje. Da yawa kuma suna sa mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi. Man yau mai gauraye da ethanol yana cin tsohuwar roba, don haka tiyo da robobin kafireto sai na zamani masu kamannin na da.

Daga waje kuwa komai sai ya koma gurbinsa: kafireton Holley mai maƙogwaro huɗu, mazauninsa na alminiyom, marufan bawul masu ruwan kurom, da famfon tura iska cikin bututun hayaƙi. Wannan famfo matasan wancan zamani sun sha cire shi su jefar, shi ya sa yau samun na asali da maɗauransa yake da tsada. Launin injin ruwan lemo ne na Chevrolet, kuma a haɗe aka fesa shi a Tonawanda, don haka ɓurɓushin fenti yakan taɓa sassan da ke kusa. LS6 bai zo da na'urar sanyaya ɗaki daga masana'anta ba. Giyarsa Muncie M22 ce ta hannu mai hawa huɗu, ko Turbo Hydra-Matic 400, akwatin baya kuma mai kusoshi 12. Dukansu suna da lambobi da kwanan wata, kuma gyara su ake yi, ba a musanya su.

Ƙananan kaya

Ƙananan abubuwa su ke bambanta aikin gwani da na koyo. Kowane kan ƙusa yana da tambarin kamfanin da ya ƙera shi, kuma kowanne da irin rufinsa: tutiya fara, tutiya mai ruwan ɗorawa, ko fosfet mai toka-toka. Ana ware su a aika wurin masu rufi maimakon a sayo sababbi masu ƙyalli, kuma awonsu na inci ne. Bamba ana tuɓe ta a sake mata rufi hawa uku, jan ƙarfe, nikel, sannan kurom. Adon bakin gilashi na ƙarfe marar tsatsa ana buge lotsawarsa a goge.

Wajen neman kaya akwai daraja hawa-hawa. Na motar kanta da aka gyara shi ne gaba, sai tsohon kaya sabo fil da ya kwana a shagon dillali ba a taɓa amfani da shi ba, sai na wata mota mai kwanan wata da ya dace, sannan na kwaikwayo. Kasuwannin Carlisle da Hershey a jihar Pennsylvania sun shahara da irin wannan farauta. Fitilun gaba huɗu masu tambarin T-3, da tayoyi F70-14 masu saƙar zare irin ta da, da rigunan kujeru masu zanen asali, duk ana samun kwaikwayonsu. Wayarin kuwa gara a canja shi gaba ɗaya da sabo mai launuka iri ɗaya, domin tsohuwar waya mai fasasshen rufi gobara ce ke jira.

Haɗawa da tayarwa

Littafin haɗawa na masana'anta, wanda ake samun kwafinsa, yana nuna hanyar kowace waya da tiyo da ƙarfin ɗaurin kowace ƙusa. Ana fara gama shasi: sifirin, birki, bututun mai, inji, giyabos, salansa. Sannan a sauko da bodi a kai. Ƙofofi ake fara daidaitawa da gefen baya, fendoji su bi ƙofofi, bonet ya zo ƙarshe. Rufin ciki yana shiga kafin gilasai. Idan motar tana da ƙarin ZL2, ana gwada ɗan marfin da ke bayan bonet, wanda ke buɗewa ya shaƙi iska idan an taka totur.

Tayarwar farko tana da ƙa'ida mai tsauri. Ana juya famfon baƙin mai da na'urar huda ta ramin distiributa har mai ya kai ko'ina. Sandar buɗe bawul ta wannan zamani tana gugar masu ɗaga bawul kai tsaye, kuma tana buƙatar mai mai sinadarin tutiya da yawa, wanda aka rage a man motocin yau. Da inji ya kama, ba a barinsa ya yi silo. Ana riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30, ido na kan zafi da matsin mai, sannan a juye man a canja matata. Sakaci a wannan rabin awa yana iya cinye sandar, a koma kwance inji. Bayan haka sai saitin bawul, da daidaita tayoyi, da gajerun tafiye-tafiye ana dawowa ana ƙara ɗaure abin da ya saki.

Cikakken aiki irin wannan yakan haura awa 1,000, kuma sau da yawa kuɗin da aka kashe kan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa, sai fa irin su LS6 mai cikakkun takardu. Masu son a auna aikinsu suna kai mota gasa irin ta Muscle Car and Corvette Nationals da ake yi a Rosemont kusa da Chicago a watan Nuwamba, inda alƙalai ke bin ta da fitila da madubi suna rubuta kowane saɓani. Takardar makin tana zama jerin gyare-gyaren da suka rage.

Motar da aka gama ana ajiye ta a busasshen wuri, a cire kan batir, a zuba maganin hana fetur lalacewa, a riƙa fita da ita lokaci-lokaci har inji ya yi zafi sosai don robobi kada su bushe. Takardar haɗawa ta asali tana shiga leda marar sinadari nesa da rana, tare da hotunan kwancewa, da rasit, da jerin duk sashen da aka musanya da na kwaikwayo, kuma wannan fayil yana bin motar zuwa hannun duk wanda ya saye ta.